Tiya Guda Ga Kowane Kai

Na daɗe ina jin maganar tana yawo a bakin dangi, wurin suna da wurin zaman makoki, ana sassauta murya in na shigo. Wai Lawali ya samu dukiya ya watsar. Wai da ba don haukar da ya yi shekarar da gyaɗa ta ƙi ba, da yanzu ɗiyanshi na da benaye a Maraɗi kamar ɗiyan wanshi. Ku ma, ɗiyana, kun ji, don ina ganin yadda fuskokinku ke yi in an ambaci kamiyon nan, babbar motata ta ɗaukar kaya. Ba ku taɓa tambayata ba, kunya ta hana ku. To ni na tsufa, kunya ta rage gare ni, kuma ba ni son in kwanta dama in bar ku da labarin da wasu suka ɗinka maku. Ga yadda aka yi, daga bakin wanda ya yi.

Ba ku san Tasawa ta zamanin gyaɗa ba. Bayan samun mulkin kai, in kaka ta yi, garin nan ba ya zama. Raƙuma da jakuna na shigowa daga arewa, daga Mayahi da Gidan Amumune da ƙauyukan da ke bayansu, ƙurar ɓawon gyaɗa ta cika ma mutum hanci har ya daina jin ta. Mahaifinmu ya bar mana sana'ar sayen gyaɗa, ni da wana Alhaji Mani, da mangaza guda, babban ɗakin ajiyar kaya, a bakin unguwarmu. Allah ya buɗa mana har kowa ya yi kamiyo nashi. Amma gyaɗa ba ta hawa mota da ƙafarta. Akwai ƴan dako, ƙarti masu wuya kamar turmi, waɗanda suka baro ƙauyukansu suka bar ma ƴan'uwa gonaki, suka zo suka gina ɗakuna bayan mangazarmu har wurin ya zama rabin unguwa. Babbansu Barmo ake ce mashi, mutumin wajen El Alasan Mairerai, dogo, ba shi da yawan magana. Na sha ganin shi ya ɗora buhu a wuya ya saɓa wani a kafaɗa, ya hau katakon lodi yana ba na bayanshi labari. Ban taɓa jin ya roƙi ko goro ba.

Sai ruwa ya fara yi mana rowa. Shekara ta farko aka samu rabi, aka ce baɗi. Baɗi ta zo, abin da fari ya rage darɓa ta gama da shi, ƙwarin nan masu danƙo da ke bin ganye har gyaɗa ta ƙanƙance ta tsaya ba ɗiya. Manyan da muke sayar ma gyaɗa suka janye hannu. Mangaza ta zama wurin wasan ɓeraye, su ma daga baya suka gaji suka tafi. Abin da ba ni mantawa shi ne ƴan dakon nan ba su daina zuwa ba. Kowace safiya sai su taru gindin itacen bedin da ke ƙofar mangaza da gammonsu a hannu, su zauna har rana ta take, kamar wani zai fito ya ce a tashi ga lodi. Ba ragwaye ba ne. Aikin ne ya mutu ya bar su.

Da farko na yi abin da kowane mai ɗan hali ke yi. Na ce duk mai buƙata ya zo zaurena ya karɓi hatsi. Aka zo kuwa. Masu bara na kasuwa suka zo, masu kaifin baki suka zo, wasu har sau biyu a yini. Cikin mutanen gindin bedi ban ga ko ɗaya ba, sai na ɗauka suna da ɗan abin da suka ɓoye. Ran kasuwa na iske Barmo tsaye wajen ƴan gwangwani da ƙyauren ɗakinshi a kai, ƙyauren kwano da ya saya wata shekarar albarka, yana ciniki.

Na ce, "Barmo, me ya yi zafi haka?"

Ya ce, "Ba komai, maigida. Iska nike so ta riƙa shiga ɗakin."

Na yi dariya, shi ma ya yi, na wuce. Ba a daɗe ba ƙaramar ɗiyarshi ta rasu. Na shiga gaisuwa, na ga tukunya a tsakar gida an jiƙa anza, ƴaƴan itacen dajin nan masu ɗaci da ba a ci sai yunwa ta kai maƙura. Sauran yaran na zaune jikin bango, wuyansu kamar sillen kara. Da mutane suka ragu na ja shi gefe, raina a ɓace.

Na ce, "Zaurena na buɗe, hatsi na nan. Me ya hana ka zuwa?"

Ya dube ni ya ce, "Ni da na loda maka mota shekara da shekaru, in zo in tsaya bayan masu bara, in buɗe baki in ce Lawali gidana ba a ɗora tukunya ba? Duk unguwa na kallo? Da ka ce akwai aiki, da tun asuba ina ƙofarka."

Daga nan gidanmu na gado na nufa, inda Inna, kakarku, ke zaune wajen Alhaji. Ta riga ta tsufa lokacin, ido ya fara raguwa, amma harshe na nan da kaifinshi. Na zayyana mata, ina tsammanin za ta taya ni faɗan girman kan Barmo.

Ta ce, "Auta, kai ka rufe masu ƙofa. Ka ce mai buƙata ya zo. Wane ɗa ne zai yi shelar cewa ya kasa riƙe gidanshi?"

Na ce, "To yaya zan yi, Inna? In bi gida gida ina leƙa tukwane?"

Ta ce, "Ran suna, kafin a miƙa ma mutum goro, tambayar shi ake yi ko yana da buƙata? Kowa ba shi ake yi, mai kuɗi da matsiyaci. Shi ya sa ba wanda ke jin kunyar miƙa hannu."

Maganar ta bi ni kwana da kwanaki. Abin da na yanke shi ne wannan: kowane kai da ke unguwarmu, babba da yaro, mace da namiji, mai hali da marar hali, zai samu tiya guda ta hatsi, cikin kwanon awo ɗaya, kowace Alhamis har sabon hatsi ya shigo. Ba tambaya, ba sharaɗi, ba wanda zai tsaya ya bayyana talaucinshi. Abin da ke rumbuna ba zai kai ko'ina ba. Abu guda gare ni da zai iya ɗaukar wannan nauyi, shi ne kamiyo.

Na sami Alhaji a zaurenshi na gaya mashi, don bai kamata ya ji a bakin kasuwa ba. Ya daɗe yana kallona kamar na zo mashi da wani yare.

Ya ce, "Har gidana za a kawo ma tiya? Har gidan liman? Kai, ka san abin da kake faɗi?"

Na ce, "Har gidanka, Yaya. In ba kai ka karɓa ba, Barmo ba zai karɓa ba."

Ya ce, "Za ka mai da ƙarti mata. Mutum ya san cikinshi zai cika ko ya motsa ko bai motsa ba, me zai tashe shi? In dole ka ba su, ba su aiki. Su share mangaza, su kwashe rairayi daga nan su kai can."

Na ce, "In sa Barmo ya kwashi rairayin da ni da shi muka san ba shi da amfani? Wannan ai ya fi bara cin mutunci. Dukiyar nan da muke taƙama da ita, a wuyansu ta hau mota."

Ya ce, "An biya su ladansu. Wa muka taɓa riƙe ma haƙƙi?"

Na ce, "An biya su na ranar da suka yi dako. Shekarar da babu gyaɗa fa, wa ya biya su? Mu mun tara abin da za mu ci a irin wannan shekara. Su da me za su tara?"

Sai ya sassauta murya, ya yi mani magana irin ta wa da ƙane. Ya ce ana maganar za a shigo da hatsin taimako daga waje, kuma duk mai mota bana zai samu dakon da ya fi na gyaɗa. Ya ce in riƙe kamiyona, in yi dakon, in yi sadaka da ribar, kowa ya huta. Ku ji da kyau, ba ni ɗora ma baffanku mugunta. Lissafinshi daidai ne, kuma yadda ya faɗa haka aka yi. Sai dai hatsin taimakon nan ba a san ranar zuwanshi ba, ni kuwa na ga wuyan yaran Barmo da idona. Na ce mashi na riga na yanke. Ya ce in na sayar da motar, to mu raba sana'a, ba zai haɗa dukiya da wanda ba ya jin magana ba. Na ce na ji.

Uwarku Rabi ba ta yarda ba, kuma ba zan yi mata ƙarya bayan ranta ba. Tana daka na gaya mata, ta tsai da taɓarya.

Ta ce, "Malam, ɗiyanka fa?"

Na ce, "Su ma kai ne. Tiya guda guda."

Ta ce, "Ba na bana nike tambaya ba. Na baɗi da baɗin waccan."

Ta yi kwanaki ba ta ce mani komai sai gaisuwa. Na sayar da kamiyon ga wani ɗan kasuwar Maraɗi, da sharaɗin zai yi mani jigilar hatsi da dawa daga kudu, hayin iyaka, inda abin bai yi tsanani kamar namu ba. Ranar da buhunan farko suka iso, ƴan dakon gindin bedi suka sauke su, kuma na biya su ladansu kamar kullum, don wannan aiki ne na gaske. Rabi ta fito ta tsaya tana kallon mangaza na cika. Sannan ta ce in dai za a yi, ita za ta riƙe tiya, don ni hannuna ba shi da tsari, zan tula ma na farko in bar na ƙarshe da ƙura. Haka ta riƙe ta har ƙarshe, fuska ba walwala, awo kuwa ba wanda ya taɓa cewa an tauye shi.

Na sa mai shela ya zaga unguwa. Alhamis ta farko muka buɗe mangaza da hantsi, muka shimfiɗa tabarmi, muka zazzage buhu. Mutane suka fito, amma ba wanda ya matso. Mata na leƙe ta kan darni, maza na gindin bedi kowa ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa. Kowa na jiran ya ga wanda zai fara zubar da girmanshi. Rana ta ɗaga, hatsi na zube, kaji sun fara zagaye. Rabi ta dube ni, na gane abin da take nufi. Ina cikin tunanin ko na sayar da mota a banza, sai na ga ƙofar gidan Alhaji ta buɗe. Inna ce, da sandarta a hannu guda da babbar ƙwarya a ɗayan, tana tafe a hankali tana laluben hanya. Uwar Alhaji Mani, wadda rumbunan gidanta ke cike, duk unguwa ta sani. Ta ratsa ta gaban mazan nan, ta zo ta dire ƙwarya gaban surukarta. Ba ta faɗin sunan Alhaji, ɗan fari ne.

Ta ɗaga murya yadda na bayan darni za su ji, ta ce, "Auna mani nawa. Ki haɗa da na wancan mai gidan, tunda ƙafarshi ta yi nauyi."

Wani ya ƙyalƙyale da dariya a gindin bedi, sai dariyar ta bi wurin. Matar liman ta fito da ƙwaryarta. Bayanta mata suka ɓarke kamar an buɗe garke. Barmo ne ya zo kusan ƙarshe, da kanshi, bai aiko matarshi ba. Ya shimfiɗa rawaninshi aka zuba mashi na gidanshi, ya ƙulle, ya saɓa. Bai yi godiya ba, ya dai ce, "Sai Alhamis," kamar yadda muke sallama in an tashi daga lodi. Alhaji kuwa, da ya ji abin da Inna ta yi, bai ce mata uffan ba. Ni ya daina yi ma magana.

Za a ce maku mutane sun lalace da zaman banza. Ga abin da na gani. Akwai wani Ɗan Ladi da ke sayar da rabin nashi ya sayi taba, ya wuni yana dara a inuwa. Dattawa suka zo mani har gida suka ce in yanke mashi, ya zama darasi. Na ce ba ni yankewa. Hatsinshi ne, tun da aka auna ya bar hannuna. Ran da na fara zaɓen wanda ya cancanta, gobe sai kowa ya zo yana yi mani ladabin ƙarya, mu koma gidan jiya. Suka tashi suna cewa taurin kaina ya fi na jaki. Irin Ɗan Ladi ba su fi a ƙirga da yatsun hannu guda ba. Sauran fa? Samari da yawa suka tafi Kano neman aiki da kwanciyar rai, don sun san ba su bar iyali da yunwa ba. Mata suka riƙa rage ɗan wani abu suna dama fura suna kaiwa tasha. Da ruwa ya sauka, mazan da watanni kaɗan baya ba su iya ɗaga hauya suka nemi aron gonaki bayan gari suka shuka. Barmo ya koma ƙauyensu ya karɓi gonar ubanshi, ya bar iyali nan suna karɓar rabonsu har ya yi noman farko. Mai yunwa ba ya neman aiki, numfashi yake nema. Sai ciki ya lafa mutum ke tuna yana da hannu. Ban ce ba a mutu ba. An mutu, tsofaffi da jarirai, ƙyanda ma ta shigo. Tiya guda ba ta hana ajali. Amma ba a sake cire ƙyaure an kai kasuwa ba a unguwarmu.

Abin da ya biyo baya kun rayu cikinshi. Gyaɗa ba ta sake komawa yadda take ba. Motar Alhaji ta yi dakon taimako ta haifi wasu motoci, ya koma Maraɗi. Kafin ya tafi ya sa aka ja katanga tsakiyar gidan gado, kuma mun yi shekaru sai dai mu haɗu a jana'iza. Ni na koma tebur a kasuwa, gishiri da kanwa da ashana, ina bin kasuwannin ƙauye a bayan motocin wasu, ni da ake buɗe ma ƙofar gaba. Kai Sani, kai ka fi kowa biya. Kanka na ja a lakwal, makarantar boko, malamanka sun so ka wuce gaba, na cire ka don ban da mai tsare mani tebur. Na san abin na ranka har yau, kuma kana da gaskiya. Hatsin da unguwa ta ci, da karatunka aka saye shi, ba a kuwa shawarce ka ba. Wannan nauyin nawa ne, ina ɗauke da shi. Amma in kana jiran in ce da na sani, to za ka daɗe kana jira. Da za a mai da ni ƙofar mangazar nan da motar a gabana, sayar da ita zan sake yi.

Hatsin bai kai mu inda na yi alkawari ba. Farashi ya yi ta hawa a kudu, buhunan ƙarshe suka zo ba yawa. Gero ya fitar da kai a gonaki, ana ganin shi, amma bai isa ko tumu ba, sai mangaza ta ƙare ƙaf. Na sa aka yi shela cewa Alhamis mai zuwa babu awo, a yi haƙuri. Ranar na je na zauna ƙofar mangaza duk da haka, don kada a ce na ɓuya. Mutane na wucewa suna yi mani sannu, wasu na sa albarka. Sai ga wata tsohuwa da ake kira Gwamma, mai sayar da daddawa a da, ba miji ba ɗa, kunnenta ya yi nauyi, shelar ba ta kai gare ta ba. Ta dire ƙwarya gabana. Na ɗaga murya na ce mata hatsi ya ƙare.

Ta ce, "Ya ƙare kamar yaya? Ina nawa?"

Na ce, "Babu, Iya. Kowa ma bai samu ba."

Ta ce, "Ban tambaye ka na kowa ba. Nawa nike tambaya. Yau ba Alhamis ba ce? Wa ya cinye mani?"

Ta shiga zazzaga mani faɗa a gaban jama'a, har da cewa an ga ba ta da kowa shi ya sa aka danne mata haƙƙi. Mutane suka taso mata. Wani ya ce tsohuwar nan ba ta da godiya, mutum ya sayar da motarshi ya ciyar da ke wata da watanni ki zo kina zagin shi. Na miƙe na ce kowa ya rabu da ita. Wallahi tun da aka fara awon nan ban ji maganar da ta yi mani daɗi kamar faɗan Gwamma ba. Masu sa mani albarka har lokacin kyauta suke gani, ni mai bayarwa, su masu karɓa. Ita kuwa ba roƙo ta zo ba. Abinta ta zo ɗauka, ta iske babu, ta nemi ba'asi ga wanda aka ba ajiya. Abin da na sayar da kamiyo don shi ke nan, sai ga shi a bakin kurmar tsohuwa.

Rabi na tsaye bakin ƙofar gida tana jin duk abin da ake yi. Ta shiga ciki, ta fito da ɗan hatsin da ta rage mana na tuwon ranar, wanda da shi za ku ci ku kwana. Ta zuba a tiya, ta juye cikin ƙwaryar tsohuwa, ba ta dube ni ba. Gwamma ta girgiza ƙwarya, ta sa yatsa ta auna zurfin hatsin, ta ɗago ta harari uwarku.

Ta ce, "Bai cika ba."

Rabi ta ce, "Bai cika ba, Iya."

Gwamma ta ɗora ƙwaryarta a kai ta juya, tana tafe tana mita har ta sha kwana. Daren nan, da ruwan kanwa da ganyen tafasa kuka kwana, ku duka, kuna kuka. Ni kuwa na yi barci irin wanda na daɗe ban yi ba.